Rabin Durowar Almira

Duk wanda ya taɓa zuwa gwanjon kayan mamaci a nan yankinmu na bakin kogin Connecticut, to ya ci kek ɗin tuffa na Almira Tilden, ko ya san sunanta ko bai sani ba. Mu ne matan coci masu teburin abinci a bayan rumfa. Ni Wanda ina kan kofi da miya, ita tana kan kek. Shekara da shekaru muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ina zuba surutu tana yanka, kuma ban taɓa ganin matar nan ta ɗaga hannu ta taya ko cokali ba.

"Almira, dubi bargon can, a banza zai tafi. Taya mana!"

"Ina da bargo."

"To agogon can fa?"

"Wanda, kofinki na ƙonewa."

Haka take, har ta ba ni haushi wani lokaci. 'Yar ƙaramar mata ce busasshiya, sai manyan hannuwa kamar na namiji, don tun tana yarinya take ɗinkin ganyen taba a rumbunan gonaki. Nan ta haɗu da Everett, suka yi aure, suka haifi ɗa guda wanda ya tafi Arizona ya zauna abinsa. Da Everett ya rasu ta ci gaba da zama ita kaɗai a ƙaramin gidan iyayenta, gidan da idan mijina Stash ya shiga sai ya sunkuyar da kai saboda rufin.

A kicin ɗin gidan nan, jikin bangon da ke fuskantar taga, akwai wani abu da za ka ɗauka tebur ne mai aljihuna. Katakon itacen ceri ne mai ja, ƙafafunsa huɗu dogaye a lanƙwashe, siraran da za ka yi mamakin yadda suke ɗaukar nauyi. A aljihun tsakiya an sassaƙa wani zane kamar buɗaɗɗen mafici. Mahaifinta ya shimfiɗa masa falle na katako a kai, ba ƙusa ko ɗaya, kuma a kan fallen nan ne Almira ta murza ƙullun duk wani kek da kowa ya taɓa ci a gwanjonmu. Cokulanta suna aljihun hagu, tsummokara a na dama, muciyar murza ƙullu a na tsakiya.

To ba tebur ba ne. Gindin doguwar durowa ne, irin wadda kafintocin kwarinmu suka yi tun kafin ƙasar ta samu 'yancin kanta. Ana yin ta gida biyu, na sama ya zauna a kan na ƙasa, ba manne ba ƙusa, don a iya hawa bene da ita. Wannan saukin cirewa shi ya jawo mata. Lokacin da mai ita ya mutu ya bar 'ya'ya mata biyu, Lucinda da Jerusha, ya ce durowa tasu ce su biyu. Kowace ta zauna tana jiran 'yar'uwarta ta ce na bar miki. Ba wadda ta ce. Sai aka yi abin da mutanenmu suka saba yi da sunan adalci: aka ɗaga saman aka ba Lucinda, aka bar wa Jerusha ƙafafu. Lucinda ta auri mai masaƙa, ta hau tudu, ta shiga gidan bulo. Jerusha, kakar mahaifiyar Almira, ta auri manomi. Daga ranar ba su ƙara shiga gidan juna ba, 'ya'yansu ma suka gaji abin ba tare da sun san me ya haɗa ba.

Ina faɗa maka, wannan adalci ne na rashin hankali. A gidaje nawa na ga an yi shi! Kujeru shida a raba wa mutum uku, kowa ya tafi da biyu, a ƙarshe ba wanda zai iya tara baƙi.

Almira ba ta taɓa ganin rabin saman ba. Tafiyar 'yan mintuna ce a mota daga gidanta zuwa tudun, amma sai dai labari. Mahaifiyarta ta ce mata yana da hula mai lanƙwasa biyu, da tsinaye uku a kai masu kamar harshen wuta, ita ma kuma ji ta yi. Sau ɗaya Almira ta gwada. Tana amarya ta gasa kek, ta sa rigarta ta coci, ta hau tudun wurin Mis Cordelia Thayer, jikar Lucinda, wadda ba ta taɓa aure ba kuma ita ce ta rage a gidan. Mai aiki ta karɓi kek ɗin ta ƙofar baya, ta ce uwar ɗakinta ba ta ganin baƙi yau. Bayan kwana biyu aka aiko da farantin a wanke. Da ni ce, da farantin nan ya koma ta taga. Almira ta mayar da shi cikin kwanukanta, ba ta sake hawa ba.

Dillalan tsofaffin kaya na New York kuwa sun san da zaman gindin nan. Duk bazara sai wani ya ƙwanƙwasa ƙofa da takalmi mai sheƙi, ya durƙusa a kicin yana shafa ƙafafun kamar mai duba doki. Ta ba shi kek da kofi, ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "A ina zan murza ƙullu?" Ta raka shi mota.

Mis Cordelia ta mutu a ƙarshen damina ta wata shekara, ta haura casa'in. Magajinta wani ɗan ɗan'uwa ne a California da bai ma zo jana'iza ba, ya ce wa lauya a sayar da komai. Aka ba Hollis Crane, mai gwanjon yankinmu, mutum mai ƙaton ciki da murya kamar ta bijimi, wanda muke ciyarwa kyauta tun yana saurayi. Aka sa rana a watan Oktoba, aka ce coci ta kawo abinci kamar kullum.

Muna fere tuffa a kicin ɗinta ana saura 'yan kwanaki, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Wanda, Stash zai ara mini motarsa ta kaya ranar Asabar?"

"Kek nawa za ki yi da sai an kawo motar kaya?"

"Ba kek ba." Ta nuna durowar da wuƙa. "Ita zan kai."

Na ajiye tuffar hannuna. "Sayarwa za ki yi? Ke?"

"Allah ya kiyaye. So nake a ɗora mini saman a kai in gani. Daga ranar Asabar wani zai tafi da shi, shi ke nan kuma, ba ni ba ganinsa. In gani kawai da idona, sannan in dawo da abata gida."

Na ce to ta taya mana, ko an dace. Ta yi 'yar dariya, ta miƙa hannu ta taɓa katakon rufin kicin ba tare da ta yi ɗage ba. Ko kyauta aka ba ta saman, ba inda zai tsaya a gidan nan.

Ranar Asabar gari ya waye da sanyi, ganyaye sun yi ja sun yi rawaya. Stash da ƙaninsa suka naɗe durowar da barguna suka ɗora. Suka ce a zare aljihunan a bar su a gida don sauƙi, ta ce a'a, ai yanzu za a dawo, a ɗaure su da igiya kawai. Muna tafe cokula suna ta kacau-kacau a baya.

Ni kaina ban taɓa taka harabar gidan Thayer ba sai ranar. Kai, jama'a! An kafa farar rumfa a kan ciyawa, an fito da kayan da suka shekara ɗari biyu a duhu, rana tana dukansu karo na farko. Agogon tsaye mai zanen wata a fuska, ya fi Stash tsawo. Teburin shayi mai gefe kamar bakin kek, katakonsa yana ɗaukar ido. Madubai masu gaggafa ta zinariya a kai. Zanen kogin nan namu tun babu gada, da shanu a cikin ruwa, haske yana sauka a kan dutsen da nake gani kullum ta tagar banɗakina ban taɓa sanin yana da kyau haka ba. Na tsaya riƙe da butar kofi baki buɗe. Duk wannan yana nan saman kanmu, tsohuwa ɗaya tana zaune a tsakiyarsa da labule a sake.

Motocin New York da Boston sun cika filin. Hollis yana ta kai da kawo da gudumarsa ta gwanjo a aljihun baya, sai ya hango abin da Stash ke saukewa. Ya tsaya cak.

"Misis Tilden, kada ki ce mini abin da nake tsammani ne."

"Shi ne. Ba na sayarwa ba ne, Hollis, kada ka fara lasar baki. A ɗora mini kawai kafin ka soma ihunka."

"Haba Misis Tilden, kayan marigayiya ne, idan aka ƙwarzane fa? Lauya zai cinye ni ɗanye."

Na ce, "Hollis Crane, cikin nan naka rabinsa kek ɗin matar nan ne. Je ka kira lauyan."

Ya tafi yana gunaguni. Lauyan ya zo, wani siririn dattijo, ya leƙa ƙarƙashin bargo, ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai.

Rabin saman yana can gaban rumfa a kan wasu guntayen ƙafafu da aka yi masa daga baya, ya yi zaman dirshan kamar mutumin da aka sa ya durƙusa. Kusa da shi an jingine wani zane na 'yan mata biyu cikin shuɗayen riguna, aikin masu zanen nan da suke bi gida-gida a da. Babbar, Lucinda, ta dafa kafaɗar ƙaramar, Jerusha. A bayansu ga durowar nan tsaye cikakkiya. Almira ta sa tabarau, ta matsa kusa da fuskar ƙaramar.

"Wanda, kunnuwan nan ba nawa ba ne?"

"Naki ne sak, har da yadda suka buɗe."

"Ashe gado ne," in ji ta. Ta cire tabarau ta goge shi da gefen riga, ta daɗe tana gogewa.

Stash ya ɗage fallen murza ƙullu, ya jingine shi a jikin turken rumfa. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan dakali da ya zagaye gindin, garin fulawa na shekaru ya cika kusurwoyinsa. Almira ta share da tafin hannu. Maza huɗu suka zare aljihunan saman, suka kama shi, suka ɗaga. Hollis yana ta cewa a hankali, a hankali, gumi na zubo masa cikin wannan sanyi. Suka daidaita, suka ɗora shi a kan gindin.

Wata 'yar ƙara ta yi, ba mai ƙarfi ba, kamar an rufe murfin tukunyar da ta dace da shi. Saman ya zauna daram. Ko takarda ba za ka zura tsakaninsu ba.

Aka mayar da aljihunan ɗaya bayan ɗaya, mutane suka ja baya. Dillalan da ke ta raɗa, da manoman da suka zo sayen garma, da matan da suka zo gulma, kowa ya juyo. Ikon Allah! Abin da na sani tebur ne na murza ƙullu, ga shi ya miƙe ya kusa taɓa rufin rumfa. Siraran ƙafafun nan sai a lokacin na gane dalilinsu, an yi su ne don su ɗauki wannan tsawo duka kamar ba nauyi. Maficin da ke ƙasa yana da ɗan'uwa a can sama, ya fi shi girma kaɗan. Hular ta lanƙwaso daga hagu da dama, harsunan wuta uku suna tsaye a kai. Saman ja ne wur mai duhu don bai san rana ba. Ƙasan ya koɗe ya zama launin zuma, ga sawun takalman yara a ƙafa, ga inda cikin Almira ya goge gefe har ya yi santsi. Amma zanen jikin katakon ya taso daga ƙasa ya wuce sama bai karye ba, itace ɗaya aka tsaga.

Wani dillali da na sani da baƙin rowa ya cire hularsa. Stash, wanda ko a jana'izar uwarsa bai yi hawaye ba, ya fara neman wani abu a aljihu.

Almira ta zagaya ta a hankali, hannuwa a baya, ba ta taɓa ba. Ta dawo gaba ta ɗaga kai har hularta ta kusa faɗuwa.

Hollis ya bari aka jima, sannan ya yi gyaran murya. "Misis Tilden, lokaci ya yi. Jama'a na jira." Ya yafito mazan. "To samari, ku sauke."

Sun kama ke nan ta ce, "Ku cire hannunku."

"Misis Tilden..."

"Na ce ku cire hannu. Kada wanda ya sake ɗaga ta."

Na kama ta a gwiwar hannu na ja ta gefe. "Ke, kin san abin da kike faɗa? Idan ba a sauke ba, da taki za a tafi. Ta mahaifiyarki ce fa, Almira. Dillalai nawa kika kora?"

"Na sani."

"To a ina za ki murza ƙullu?"

Ta kalle ni, idanunta jajur. "Wanda, dube ta. Ke za ki iya cewa a sauke?"

Na duba. Na saki gwiwar hannunta.

Ta juya wurin Hollis da lauya. Ta ce a sayar da ita ɗaya, lissafin rabo su suka sani, amma Hollis ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa ba a ƙara raba ta. Lauyan ya ce alkawarin baki ba ya ɗaure mai saye. Ta ce ya faɗa duk da haka, a ji kunya ma wani abu ne.

Sai kuma ta tuna aljihunan. A gaban mutanen New York da Boston, matar nan ta kwance igiya, ta jawo aljihun hagu, ta tattare gaban rigar girkinta ta fara zuba cokula a ciki. Tsummokara, da zaren ɗaure kaza, da guntayen kyandir, da wani ƙaramin takalmin ɗanta da ban san tana ajiye da shi ba. Na kawo kwandon kek muka juye. Muciyar ce ta ƙarshe. Ta rufe aljihun tsakiya, ta bi maficin da babban yatsa sau ɗaya, ta ɗauki fallenta ta rungume, ta koma bayan teburinmu.

Hollis ya hau dakalin gwanjo. Da muryarsa ta bijimi ya ce durowa ɗaya ce, kuma ɗaya za ta zauna, haka mai ita ta ce. Daga nan aka shiga tayi. Ba zan maimaita adadin ba, an buga a jarida, kuma masu cewa ai Almira ta yi wayo ta ci riba, su zo su faɗa a gabana. Hannaye suka yi ta sauka har ya rage mutum biyu, wani dillali da wata budurwa ma'aikaciyar Hollis da ke riƙe da kan waya, an jawo igiyarta tun daga cikin gida, tana tayawa a madadin wani da ba mu gani. Dillalin ya girgiza kai. Guduma ta sauka.

Aka ɓarke da tafi. Almira ta ajiye wuƙar kek, ta ratsa mutane har wurin budurwar, wadda ba ta kai ga ajiye wayar ba.

"'Yata, yana kan layi?"

"Yana nan, Misis Tilden."

"Tambaye shi, rufin ɗakinsa yana da tsawo?"

Yarinyar ta yi sororo, sannan ta tambaya. Ta saurara, ta rufe bakin wayar da hannu. "Ya ce ya isa har da saura."

"To madalla. Ce masa aljihun dama yana ɗan cijewa idan an yi ruwa, kada ya ja da ƙarfi."

Ta dawo ta ci gaba da yanka kek har aka tashi. Ba mu taɓa sanin sunan mutumin ba, ko garin da aka kai ta. Zanen 'yan matan ma shi ya saya, wannan kaɗai Hollis ya yarda ya gaya mana.

Da kuɗin ta gyara rufin gida, ta saya wa coci sabon murhu, sauran ban tambaya ba. Stash ya yi mata tebur daidai tsawon wancan, ya ɗora fallen a kai, amma ta sa shi a tsakar kicin, ta ƙi a matsa shi jikin bangon. Wurin yana nan fayau, fentinsa ya fi na sauran haske, ga ramuka huɗu ƙanana a daɓen katako.

Ana gab da Kirsimeti na shiga gidan ba sallama kamar yadda na saba. Na same ta da kwanon ƙullu a hannu, tsaye gaban bangon nan, ƙafafunta sun kai ta can kafin ta tuna. Ta ji ni, ta juyo, ta ajiye kwanon a kan sabon tebur.

Haushi ya kama ni, ban ma san da wa nake yi ba. Na ce, "Faɗa mini gaskiya, Almira. Kin yi da-na-sani ko?"

Ta barbaɗa fulawa a kan fallen. Ta ce, "Kullum da safe."

"To don me..."

"Kin ji ƙarar da ta yi lokacin da suka ɗora saman a kai?"

"Na ji."

"To," in ji ta. "Miƙo mini muciya, tana cikin kwando."